Odita Shaida Ne: Dalilin da Ya Sa Muke Biyan Baƙo Ya Duba Littattafanmu

  

Iyayenmu masu ba da zakka da wakafi, da 'yan'uwa shugabannin kwamitocin masallatai na Samaru da Sabon Gari,

Duk wanda ya duba jadawalin kashe kuɗi da ke cikin wannan rahoto zai ga layi guda da aka rubuta wa ladan odita. A taronmu na bara, wani dattijo daga cikin 'yan kasuwar Sabon Gari, wanda ya daɗe yana damƙa mana zakkarsa, ya miƙe ya yi tambaya a kan wannan layi. Ya ce a cikin amintattun gidauniya akwai ƙwararren akanta mai lasisi da ya yi tayin duba littattafan kyauta saboda Allah, ga kuma yaranmu ɗaliban jami'a da ke taya mu rubutu ba a ba su ko kwabo. To, me ya kai mu ɗauko baƙo muna biyansa, alhali kuɗin zai sayi hatsin da zai ciyar da gidajen marayu? Tambaya ce ta mai kishin dukiyar talakawa. Amsar da na ba shi a tsaye ranar ba ta gamsar da ni ba, balle shi, don haka na yi alkawarin zan rubuto ta a natse.

Abin da ya buɗe mini hanya shi ne zaman da muka yi da waɗannan ɗalibai. Mafi yawansu suna karanta aikin akanta ne a Jami'ar Ahmadu Bello, suna zaune a Samaru da Hayin Dogo, kaɗan kuma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Da yake suna shiga masallatai suna taimaka wa ma'ajai, kwamitin amintattu ya ga ya kamata a zauna da su a 'yan ranakun Asabar bayan la'asar, a wani aji na makarantar Islamiyya. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin odita ya ɗauki ɓangaren sana'a, ni kuma aka ce in kawo na fiƙihu. Ni ba akanta ba ne, karatuna na addinin Musulunci ne. Amma ina zaune ina saurarensa sai na riƙa jin kamar babin shaida ake karanta mini, an dai sauya masa riga.

Farkon abin da ya rarrabe wa yaran shi ne aikin akanta da na odita. Akanta shi ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya haɗa lissafin shekara. Odita kuwa yana zuwa ne bayan an gama, ya duba, sannan ya gaya wa mutanen da ba su ga littattafan ba ko lissafin ya nuna haƙiƙanin halin da dukiyar ke ciki. Ke nan hajarsa guda ce, ita ce maganarsa. Attajirin da ya aiko da zakkarsa daga Kaduna ba zai zo ya ƙirga buhuna a sito ba. Sa hannun odita ne idonsa.

Yin lissafi ga mai karɓar zakka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, mutumin ƙabilar Azdu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura karɓo zakkar Banu Sulaim. Da ya dawo aka zauna aka yi masa lissafi. Sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya nuna wa jama'a cewa da mutumin a gidan iyayensa ya zauna, da kyautar ba ta iske shi ba, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani. Mun saba ɗaukar darasin kyauta daga wannan hadisi, mu wuce na farkon: mutumin sahabi ne, Annabi ne da kansa ya zaɓe shi, amma bai hana a yi masa lissafi ba. Imam Buhari ma ya buɗe babi a littafin zakka a kan yi wa masu karɓarta lissafi a gaban shugaba.

Sai batun wa ya cancanci ya yi shaida. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya san cewa adalci kaɗai bai isa ba. Ba a karɓar shaidar ɗa ga iyayensa, ko ta iyaye ga ɗansu, ko ta miji ga matarsa. Ba a karɓar ta abokin husuma, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani da ita ko ya tunkuɗe wa kansa wata cuta, ko ta wasiyyi ga marayan da ke hannunsa. Na tambayi ɗaliban: shin shari'a cewa ta yi kowane uba maƙaryaci ne? Suka ce a'a. Uban na iya zama mafi tsoron Allah a garin, maganarsa kuma gaskiya ce tsantsa, amma matsayinsa ya sa akwai tuhuma, alƙali kuwa ba ya gina hukunci a kan abin da ke da tuhuma. Misalin wasiyyi shi ya fi kusa da mu. Amintaccen gidauniya wasiyyi ne a kan dukiyar talakawa. Ɗan'uwanmu akanta da ya yi tayin aiki kyauta yana zama a taron da ake amincewa da kashe kuɗi, hannunsa na cikin masu sa hannu a takardun banki. Idan ya duba littattafan, kansa yake yi wa shaida. Babu wanda ya taɓa zarginsa da ko sisi, kuma da aka yi masa wannan bayani shi ya fara cewa haka ne daidai.

Masu sana'ar sun isa wuri guda ta tasu hanyar. Suna cewa 'yancin odita iri biyu ne: 'yanci a cikin zuciyarsa, wato ya yanke hukunci ba tare da wani abu ya karkatar da shi ba, da 'yanci a idon jama'a, wato mai hankalin da ya san dangantakarsa da masu dukiya ba zai yi shakka ba. Na farko Allah kaɗai Ya san shi. Na biyu ne ake iya yi wa doka, shi ya sa dokar kamfanoni ta Nijeriya ta hana jami'in kamfani ko ma'aikacinsa, ko abokin kasuwancin jami'in, ya zama oditan wannan kamfani.

Wannan ya amsa batun ɗalibanmu ma. Yaron da ya rubuta littafin masallaci tun daga Muharram har Zulhajji, in ka ce ya bincika shi, idonsa zai bi ta kan kuskurensa ya wuce, domin yadda ya fahimci abin ranar da ya rubuta, haka zai fahimce shi ranar da ya duba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Amma abin da ya fi cin lokacinmu a ajin nan wani ne daban, kuma shi na fi so kwamitoci su tsaya a kai. Littattafan da yaran ke karantawa suna magana a kan odita da ake yi wa barazanar kora ko kai ƙara. A garinmu ba safai ake yi wa kowa barazana ba. Abin da ke ɗaure harshe a nan kunya ce. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce wa dattijon, "Baba, in ma'ajin masallacin aminin mahaifina ne, shi ya raɗa mini suna, da wane baki zan ce masa ya kawo rasit?" Ajin ya yi dariya, dattijon bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, ba za ka iya ba, kuma ba na so ka zama yaron da zai iya. Abin da za ka yi shi ne ka ƙi karɓar aikin tun farko." Na daɗe ina juya wannan amsa. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro ya durƙusa ya gai da babba, kada ya haɗa ido da shi, kada ya musa masa a gaban mutane. Wannan ado ne, ba mu son ya gushe. Sai dai aikin bincike yana buƙatar mutumin da zai ce wa liman ko Alhaji, cikin ladabi, "Allah Ya gafarta Malam, wannan adadin bai yi daidai da na banki ba," ya kuma maimaita gobe idan ba a ba shi amsa ba. Wanda kuke sahu ɗaya da shi kullum, kuke haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, nauyin hakan ya fi ƙarfinsa. Baƙo muke saye da kuɗin nan, mutumin da ba ya jin nauyinmu.

Kunyar kuma tana tafiya ta fuska biyu. Wanda ya yi maka aiki kyauta, kai ma ba ka iya tsare shi. In ya yi jinkirin wata uku sai ka ce Allah Ya saka da alheri. In ya duba sama-sama ba ka da bakin cewa ya koma.

Haka nan 'yan ƙananan kyaututtuka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka. Yau gaisuwar odita ba ta zuwa da sunan toshiyar baki. Tana zuwa a matsayin kuɗin mai, ko buhun shinkafa da azumi, ko ragon layya, daga hannun mutanen kirki da ba su nufi komai ba. Ƙa'idarmu ita ce ruwan sha da abincin rana in aiki ya kai shi, daga nan babu ƙari.

Wani zai ce, ai biyan ma ɗauri ne, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Gaskiya ne, kuma wannan tsohon ƙulli ne da sana'ar ba ta gama warwarewa ba: wanda ake bincika shi ke biyan mai bincike. Duniya ta ga inda hakan ke kaiwa. Kamfanin makamashi na Enron a Amurka ya durƙushe a 2001 bayan an gano ya ɓoye basussuka ya kumbura riba. A shekarar 2000 kaɗai ya biya oditocinsa, kamfanin Arthur Andersen, dala miliyan 25 na bincike da dala miliyan 27 na wasu ayyukan ba da shawara. Mai cin irin wannan tuwo, yaya zai yi ya ce miyar ba ta yi ba? Bayan wannan ne Amurka ta kafa doka a 2002 da ta hana odita yi wa kamfanin da yake bincika ayyuka da dama, ciki har da rubuta masa littattafai. A nan gida, ƙa'idar gudanar da kamfanoni ta 2018 ta ce kada kamfanin odita ya wuce shekara 10 a jere a wuri guda, in ya tafi kada ya dawo sai bayan shekara 7, shi kuma jagoran binciken a sauya shi duk shekara 5, domin sabo turken wawa ne ko ga mai wayo. Mu ba kamfani ba ne, amma mun ari hikimar. Babban taro ke naɗa oditanmu, ba sakatare ko ma'aji ba. Ana yanke ladansa kafin ya fara, ba ya ƙaruwa ko raguwa saboda abin da ya rubuta. Ba ya yi mana wani aiki sai wannan, kuma ba zai wuce shekara biyar tare da mu ba.

Yanzu sai abu na biyu da aka koya wa yaran, wanda a ganina masu bayarwa sun fi buƙatar jin sa, domin da yawa sun ɗauka in odita ya sa hannu to an tabbatar ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ba haka ba ne. Odita ba ya duba kowace takarda. Yana yi ne kamar mai sayen masara a kasuwar Giwa, wanda ke soka ƙarfe a buhu ya ɗebo 'yan ƙwayoyi daga sama da ƙasa, ya yi hukunci a kan sauran. A cikin rasit dubu zai iya zaɓar sittin ko ɗari, ya fi mai da hankali kan manya da waɗanda suka yi masa baƙon kama. Saboda haka kullum akwai yiwuwar ya ce lissafi lafiya alhali akwai babbar ɓaraka a ciki. Wannan yiwuwar ita suke kira haɗarin bincike, kuma suna cewa daga wuri uku take haɗuwa: yanayin dukiyar ita kanta, da raunin matakan da masu ita suka sa don tsare ta, da abin da zai kuɓuce wa idon oditan.

Ku dubi irin dukiyar da ke hannunmu. Kuɗin akwatin Juma'a ba su da rasit, ba wanda ya san nawa aka jefa sai wanda ya buɗe. Idan mutum ɗaya ya buɗe shi a ɗakinsa ya rubuta adadi, duk oditocin duniya ba za su iya cewa adadin ya cika ko bai cika ba, domin abin da ba a taɓa rubutawa ba babu inda za a gano shi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa sun koma aikowa ta banki, wannan kuma ya taimaka don yana barin sawu, sai dai ya zo da tasa matsalar: ana tura sadakar masallaci asusun wani ɗan kwamiti na kansa, ko na mai POS da ke bakin ƙofa, ta cakuɗe da kuɗin cefane. Zakkar hatsi da ke zuwa daga Bomo da Basawa da ƙauyukan Shika tana da nata hali. Buhu ba ma'auni ba ne tsayayye, wani ya fi wani cika, hatsi kuma yana bushewa, ƙwari da ɓera suna cin rabonsu. Sai jerin sunayen masu karɓa, inda suna ɗaya kan fito a unguwa biyu, ko a ci gaba da karɓa da sunan wanda ya rasu. Duk waɗannan haɗari ne da ke cikin dukiyar tun kafin kowa ya yi niyyar cuta.

Na biyun, wato matakan tsaro, shi ne wanda ke hannunku da hannunmu, kuma a nan zan faɗi laifin kaina. A rabon azumin wata shekara, biyu daga cikin abokan aikina sun tafi umra, ɗaya ba shi da lafiya. Don kada rabo ya tsaya, ni na rubuta sunaye, ni na amince da su, mabuɗin sito kuma yana aljihuna. Da odita ya zo ya rubuta wa amintattu wasiƙa cewa a wannan rabon ba shi da abin dogaro sai maganar sakatare. Bai ce buhu ya ɓace ba. Cewa ya yi da ya ɓace, da ba yadda za a sani. Na kwana biyu abin yana ci mini rai, har na fara shirya amsa mai zafi, sai na tuna ni ne ke karanta wa yara labarin Ibnul Lutbiyya. Tun daga lokacin sito yana da kwaɗo biyu, mabuɗansu a hannun mutum biyu, kuma mai rubuta suna ba ya amincewa da shi. Da ɗan'uwanmu ne ya yi binciken, ko ɗaya daga cikin ɗaliban da ke kirana Malam, ina da yaƙinin wannan wasiƙa ba za a rubuta ta ba.

Alaƙar abubuwan uku tana da amfani ga aljihu. Odita ba ya iya sauya na farko da na biyu, nasa na uku ne kawai. Idan ya tarar dukiya mai haɗari ce, matakan tsaro kuma babu, dole ya faɗaɗa aikinsa, ya duba rasit ɗari uku maimakon sittin, ya ƙara kwanaki, ladansa ya hau. In ma ya ga babu abin kamawa sai ya rubuta cewa ya kasa ba da ra'ayi, ko ya ba da shi da togaciya. Kwamitin da ke ƙirga kuɗin Juma'a mutum uku a cikin masallaci, su sa hannu a take, a kai banki ranar Litinin, shi ke rage wa kansa kuɗin bincike.

Zuwan odita sito ya ƙirga buhu da idonsa, da kiran wasu daga cikin masu karɓa ya tambaye su ko sun samu, wasu sun ɗauke shi cin fuska. Yana da tarihi. A 1896 wata kotu a Ingila ta wanke oditocin masaƙar Kingston, waɗanda suka yarda da takardar manaja a kan yawan audugar da ke sito alhali ya yi shekaru yana kumbura ta. Alƙalin ya kwatanta odita da mai gadi, wanda ba aikinsa ba ne farautar ɓarawo. Sai a 1938 aka gano kamfanin magunguna na McKesson & Robbins a Amurka yana ɗauke da kaya da basussukan bogi na kimanin dala miliyan 19, duk a takarda, oditoci ba su taɓa leƙa sito ba. Daga nan sana'ar ta mai da ganin kaya da ido da tuntuɓar mutanen waje ƙa'ida. Gani ya kori ji.

Akwai iyaka guda da ya kamata a sani. Oditan lissafi zai gaya muku kuɗi sun fita sun isa ga mai suna kaza. Ba zai gaya muku ko mai sunan yana cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata ba, ko an cika sharaɗin mai wakafi. Wannan duban shari'a ne, aikin malamai, kuma hukumar AAOIFI da aka kafa a Bahrain a 1991 don tsara ƙa'idojin lissafin cibiyoyin kuɗi na Musulunci ta ware shi daban. Abin da odita zai tabbatar shi ne asusun zakka da na wakafi da na sadaka ba su cakuɗe ba.

Saura abu na uku: in odita ya yi sakaci, me ke kansa? A fiƙihu, wanda aka ba amana ba ya biya in ta salwanta, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Amma malaman Malikiyya sun tsananta wa masu sana'a da suka kafa kansu don yi wa jama'a aiki, irin su tela da marini, suka ɗora musu lamunin kayan da suka karɓa saboda maslahar mutane. Risala kuma ta kawo cewa shaidan da ya janye bayan an yanke hukunci, ya amsa cewa zur ya yi, zai biya abin da shaidarsa ta salwantar. Dokar ƙasa ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar kamfanoni ta wajabta wa odita kulawa da ƙwazo da ƙwarewa gwargwadon hali, in kamfani ya yi asara saboda sakacinsa ana iya kai shi kotu ya biya diyya. In da gangan ya sa hannu a kan ƙarya, ya shiga babin laifi. Ga kuma ƙungiyoyin sana'ar, ICAN da aka kafa da doka a 1965 da ANAN da ta sami tata dokar a 1993, kowacce tana da zauren ladabtarwa da ke iya ƙwace lasisi.

Ba labarin ƙasashen waje kaɗai ba ne. A 2006 aka gano cewa kamfanin Cadbury na Nijeriya, mai Bournvita da TomTom, ya yi shekaru yana kumbura lissafinsa, abin da ya kai kimanin naira biliyan 13. A 2008 hukumar kula da kasuwar hannayen jari, SEC, ta hukunta kamfanin da wasu shugabanninsa, ta kuma ci oditocinsa, Akintola Williams Deloitte, tarar naira miliyan 20 saboda gazawa wajen nuna ƙwazon da ya kamata. Shi Akintola Williams, akanta mai lasisi na farko a Nijeriya, ya daɗe da yin ritaya kafin wannan, sunansa ne kawai a kan ƙofa. Su kuwa Arthur Andersen, kotu ta same su da laifin hana shari'a aikinta a 2002 saboda lalata takardun Enron. Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 2005, amma ta tarar babu sauran kamfanin da za a mayar wa haƙƙi, domin abokan hulɗa sun watse tun tuni. Dattijonmu ya gaya wa yaran cewa ranar da mutane suka daina yarda da sa hannunka, ko kotu ta wanke ka sana'arka ta ƙare.

Wannan shi ne amsar ƙarshe a kan ɗalibai. Ɗalibi ba shi da lasisin da za a ƙwace, ba shi da ƙungiyar da za a kai ƙararsa, ba shi da dukiyar da zai biya diyya. Sa hannunsa, duk kyawun niyyarsa, babu abin da aka jingina a bayansa. Idan kuka duba shafin odita a wannan rahoto za ku ga sunansa da hatimin ƙungiyarsa da lambar rajistarsa ta Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi, FRC, wadda aka kafa da dokar 2011. Waɗannan su ne jinginarsa.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya karanta rahoto ya ba da kuɗi yana da haƙƙin kama odita. A shari'ar Caparo ta 1990, wani kamfani ya sayi hannayen jarin kamfanin Fidelity bisa dogaro da lissafin da ya nuna riba alhali asara aka yi, ya kai ƙarar oditoci. Kotun ƙoli ta Ingila ta lokacin ta ce nauyin odita yana ga taron masu kamfanin ne, don su iya tsare shugabanninsu, ba ga kowane mai zuba jari ba. Kotunan Nijeriya suna la'akari da hukunce-hukuncen Ingila a irin wannan fage. Abin da na fahimta daga nan shi ne, rahoton odita makami ne da aka miƙa wa babban taro. In taron bai karanta ba, bai yi tambaya ba, an biya kuɗin a banza. Nauyin dukiyar kuwa bai taɓa tashi daga kan amintattu ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajista irin tamu ajiye littattafan lissafi da miƙa rahoton shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, har ta buɗe ƙofar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya in an sami almundahana ko rashin iya riƙo. Wannan sashe ya jawo ce-ce-ku-ce daga ƙungiyoyin addini lokacin da aka sa wa dokar hannu.

Ba cewa nake kowane masallacin unguwa ya ɗauko odita mai lasisi ba. Masallacin da abin da yake tarawa bai wuce kuɗin wuta da tabarmi da alawus ɗin ladan ba, ladan odita zai cinye shi. Abin da muka tsara da ɗaliban shi ne musaya: wanda ke rubuta littafin wani masallaci a Hayin Dogo zai je ya duba na Muciya ko Cikaji, inda ba a san mahaifinsa ba, na can kuma ya zo nan. Zai rubuta abin da ya gani ya miƙa wa kwamiti gaba ɗaya, ba ma'aji kaɗai ba. Wannan duban cikin gida ne, kada a kira shi rahoton odita, kada a kai shi banki ko gaban hukuma da wannan suna. Amma masallacin da ke da shagunan wakafi, ko yake tara kuɗin gini, ko yake karɓar zakkar mutane ya raba, ya kamata ya nemi mai lasisi, ko da masallatai uku ko huɗu ne za su haɗa kuɗi su ɗauki ɗaya.

Game da inda ladan ke fitowa, malamai sun yi saɓani a kan ko ma'aikatan gidauniyar da ba hukuma ce ta naɗa su ba suna shiga kason masu aikin zakka. Don fita daga saɓanin, ba ma taɓa asusun zakka. Ana biyan odita ne daga hayar shagunan wakafi da masu su suka shardanta wani kaso don gudanarwa.

Wasiƙar da odita ya rubuta wa amintattu a bana, da amsar da muka ba kowane batu a cikinta, suna ofishin gidauniya ga duk mai bayarwa ko wakilin kwamitin da ke son karantawa. Oditan zai halarci babban taro da kansa. Idan aka zo kan rahotonsa, ni da ma'aji za mu fita waje, a yi masa tambayoyi ba ma nan.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Gidauniya